Neman kalma: me za mu kira "recovery" a ƙwallon gora na yara?

Kocin yara: Assalamu alaikum. Ana haɗa takardar jagora da Hausa domin iyayen da 'ya'yansu ke buga ƙwallon gora na kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, sai kalma ɗaya ta gagara: recovery. A gasar ƙarshen mako yaro kan buga wasa huɗu ko biyar daga Juma'a zuwa Lahadi, wata rana biyu a jere, tsakaninsu awa uku ko huɗu. Abin da ake yi wa jikinsa a wannan tsakanin ne muke nema wa suna. An kawo hutu, an kawo murmurewa, an kawo farfaɗowa. Wacce ta fi dacewa?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, koci. Farfaɗowa dai a ajiye ta gefe, wanda ya suma ke farfaɗowa. Murmurewa kuma ta mai jinya ce, wanda ya tashi daga ciwo ya fara cikowa. Ka ce wa uwa ɗanta yana murmurewa, abin da za ta fara tambaya shi ne me ya same shi. Saura hutu. Amma kafin a yanke, masu sana'ar su faɗa mana me ake yi a awannin nan.

Masaniyar abinci: Malam, hutu ba zai ɗauke shi ba, domin aiki ne mai lokaci. Ɗan wasa kan shiga fili na daƙiƙa 45 ko kusa da haka, ya yi gudu iyakar ƙarfinsa, ya fito, ya sake komawa. Irin wannan gudun yana cinye sukarin da tsoka ta adana, wato gilaikojin. Idan wasa na gaba bai kai awa 8 ba, ana so a fara mayar da shi cikin rabin awa: abinci mai sitaci ko sukari, giram 1 zuwa 1.2 kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace awa, da furotin kamar giram 0.3 kan kowane kilo. Yaro mai kilo 40 ke nan yana neman sitaci giram 40 zuwa 48 da furotin giram 12. A aikace: ayaba ɗaya, yankan burodi ɗaya da kofin madara. A kan manya aka fitar da wannan lissafin, don haka kimantawa ce, kada a zo da sikeli ɗakin canja kaya.

Tazarar ita ke zaɓen abincin. In awa 3 zuwa 4 ce, a ba shi shinkafa ko taliya da kaza marar maiƙo. In ba ta kai awa 2 ba, ayaba, burodi da zuma ko yogot sun isa. Inda iyaye suka fi yin kuskure shi ne shagon cikin filin wasa: soyayyen dankali da faranti cike da maiƙo. Mai yana daɗewa a ciki, sai yaro ya shiga wasa na biyu da nauyin ciki da tashin zuciya.

Likitan 'yan wasa: Hajiya ta yi gaskiya, in ƙara da ruwa. Sanyin filin yana ruɗin mutane, alhali yaro yana cikin hular kwano da kayan kariya masu kauri, zufa na zuba, ƙishirwa kuma ba ta cika damunsa ba. A auna shi kafin wasa da bayansa. Duk kilo 1 da ya ragu, ya sha lita 1.25 zuwa 1.5, kaɗan-kaɗan, ba a ɗaga gora a shanye lokaci guda ba. Rabin kilo ke nan kofi biyu da rabi zuwa uku. In babu sikeli a duba fitsari: in ya yi duhu, da saura. Lemon ƙara kuzari mai sinadarin kafeyin kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2011 bai dace da yara ba, kuma shi ne ke hana barcin daren Asabar.

Da an tashi wasa a kwance takalma, a cire jiƙaƙƙun kaya a shanya su, a sa busassu. Tafiya a hankali ta minti 5 zuwa 10, sannan miƙa tsokar cinya da ƙugu da matsematsi, domin a sunkuye ake wannan wasan. In da tazara, gyangyaɗin minti 20 zuwa 30, kada ya wuce haka, in ba haka ba ya tashi jiki a mace. Da dare 'yan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, 'yan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wurin ninƙaya na otal da guje-guje a baranda har sha ɗayan dare sun fi kowane abokin karawa cin ƙungiya ranar Lahadi.

Malamin Hausa: To, ai Hausa ta riga ta tanada. Warware gajiya. Mun saba cewa matafiyi ya ci abinci, ya watsa ruwa, ya warware gajiya, ka ga akwai aikatawa a ciki, ba zaman kashe wando ba. Halin da ake son a kai kuwa shi ne wartsakewa: "Ya warware gajiya, ya wartsake, zai iya bugawa."

Kocin yara: Wani a nan ya ce mayar da ƙarfi ya fi fito da zancen abincin.

Masaniyar abinci: Ya fito da shi, amma ya bar barci da miƙa a waje. A sa shi kan sashen abinci kawai: "abincin mayar da ƙarfi". Babban kai ya zama warware gajiya.

Malamin Hausa: Na yarda da Hajiya. Sassauta jikin da likita ya ce a yi bayan wasa a kira shi huce jiki, ya yi daidai da ɗumama jiki da 'yan ƙwallo suka riga suka saba da shi. Ciwon da kan biyo baya kuma sunansa tsamin jiki, ba sai an ƙirƙiro wani ba.

Likitan 'yan wasa: Madalla, Malam. Tsamin jiki yakan fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa wasan Juma'a ke fitowa a ƙafafu ranar Lahadi, kuma ba ya hana wasa. Sai dai murmurewar da aka ƙi, kada a jefar da ita, a ba ta shafinta na rauni. Yaron da ya bugu a ka, yana ciwon kai, jiri, amai ko ruɗewa, ba gajiya ke damunsa ba, kuma ba ya komawa fili a ranar ko da ya rantse ya warke. A lardin Ontariyo na Kanada doka ce tun 2022: wanda ake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa a fitar da shi, kuma sai da izinin likita ko ƙwararriyar nas zai dawo. Koci, a rubuta wannan da manyan baƙaƙe a shafin farko.