Tashoshin rok na da a cikin gem: wacce aka gina da kyau, me kuma ke ɓata su?

Bash Kontrola:
Salamu alaikum jama'a. Ina so mu tattara abin da kowa ya lura da shi kan tashoshin rediyo masu sa kiɗan rok na da a cikin gem ɗin tuƙi. Huɗu aka fi kawowa a misali, duk daga jerin gem ɗin GTA (Grand Theft Auto): V-Rock a Vice City na 2002, K-DST a San Andreas na 2004, Liberty Rock Radio a GTA IV na 2008, sai Los Santos Rock Radio a GTA V na 2013. Tambayata ba "wacce ta fi daɗi" ba ce, wannan gardamar ba ta ƙarewa. Me ya sa wata tashar za ka yi awa ashirin da ita ba ta gundure ka ba, wata kuwa kwana biyu ta ishe ka?

Malam Habu Sauti:
Wa alaikumus salam. Malam Bash, a fara duba ginin tashar kafin a duba waƙoƙin. A Vice City kowace tasha fayil ɗaya ce doguwa da aka naɗa tun daga farko har ƙarshe: waƙa, surutun mai gabatarwa, talla, wata waƙar. In ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Shi ya sa wanda ya daɗe yana bugawa zai iya gaya maka waƙar da za ta biyo baya tun kafin ta shigo, kuma barkwancin Lazlow, mai gabatarwa a V-Rock, kullum a wuri ɗaya yake faɗowa.

San Andreas ne ya canza wannan. An yanka kowace waƙa gida uku, farko da tsakiya da ƙarshe, aka kuma naɗi farko da ƙarshen fiye da sau ɗaya, kowanne da maganar mai gabatarwa daban a kai. Gem ɗin da kansa yake zaɓen wacce zai haɗa da wacce, ya cusa talla, ya sa maganar yanayi idan ana ruwa ko hazo. To ko da waƙoƙin K-DST ba su da yawa, kunne ba ya saurin gane maimaici, domin abin da ke kewaye da waƙar ya sauya. A ganina rabin ingancin tashar daga nan yake.

Ummi Damagaram:
Akwai gyara kaɗan ga jerin Yaya Bash. V-Rock ba tashar tsofaffin waƙoƙi ba ce a cikin labarin. Vice City a 1986 yake, kiɗan kuma na shekarun 1980 ne, wato sabon kiɗa ne ga mutanen garin. Haka gem ɗin Mafia III na 2016: labarinsa a 1968 yake, waƙoƙinsa sama da ɗari na wannan zamanin ne, mu ne muke jin su tsofaffi. K-DST kuwa a 1992 take, tana sa waƙoƙin da akasarinsu na shekarun 1970 ne, kuma an rubuta mai gabatarwar, Tommy Smith, a matsayin tsohon mawaƙin da zamaninsa ya wuce bai yarda ba. Axl Rose, mawaƙin ƙungiyar Guns N' Roses, ne ya yi muryar. Wannan dacewar tsakanin shekarar labari, shekarun waƙa da halin mai magana ita ce ke sa tasha ta zama kamar ta gaske.

Sun maimaita dabarar sa mawaƙi ya zama mai gabatarwa daga baya, Iggy Pop a Liberty Rock Radio, Kenny Loggins a Los Santos Rock Radio. Ta Los Santos ta fi karkata ga rok mai laushi na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, wanda ya dace da babban titi da rana tsaka amma ba ya ɗaukar gudun tsere wa 'yan sanda.

Bash Kontrola:
Gyara ya karɓu, Hajiya.

Sadik Mai Gyara:
Kafin a yanke wa tasha hukunci, a tabbatar wane kwafi ake ji, don ba duka ɗaya ba ne. Lasisin waƙa na da wa'adi, idan ya ƙare kamfani ko ya sake biya ko ya cire.

San Andreas na waya da ya fito ƙarshen 2013 ya zo babu wasu waƙoƙi. A Nuwamba 2014 an sabunta na Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, shi ma aka zare masa wasu, cikin waɗanda K-DST ta rasa har da ta Tom Petty. GTA IV ya cika shekara goma a Afrilu 2018, aka turo sabuntawa ta cire waƙoƙi da dama. Wata tasharsa, Vladivostok FM, ce ta fi jin jiki, amma tashar rok ɗin ma ba ta tsira ba. Definitive Edition na 2021, wato sabon bugun tsofaffin GTA irin su Vice City da San Andreas, shi ma da giɓinsa ya zo. Faifan PS2 na asali na San Andreas yana da cikakken jeri. GTA V kuwa akasin haka: fitowar 2014 ta PS4 da Xbox One ƙari aka yi wa tashar a kan ta PS3.

Sai matsalar da ta fi yawa a wajenmu: kwafin da ake turawa a filas ko a memori, wanda aka matse ya koma ƙarami. Rediyo ne abu na farko da ake yankewa, domin shi ya fi cin wuri. A San Andreas na kwamfuta buɗe foldar audio, ka shiga streams. Fayil mai suna CR shi ne K-DST, MR kuma Radio X, ɗaya tashar rok ɗin. Idan babu su, ko girmansu bai taka kara ya karya ba, to shirun da kake ji a mota ba laifin sifika ba ne, kuma babu saitin da zai dawo da shi.

Malam Habu Sauti:
Bari in ƙara kan sauti, don nan mutane ke cewa "tsohon rok ba shi da ƙarfi a gem". Naɗin shekarun 1970 yana da tazara mai faɗi tsakanin wurin da ya yi ƙasa da wurin da ya ɗaga. Waƙa za ta fara da jita ɗaya a hankali, sai bayan minti biyu ganguna su shigo. Ƙarar inji da tayoyi tana zaune daidai inda jita da murya suke, sai ta haɗiye farkon waƙar gaba ɗaya. Kiɗan zamani an matse shi ya zama ƙarfi ɗaya tun daga farko, shi ya sa yake ratsa ƙarar inji.

Maganin a saiti yake. Kada a ƙure komai. A bar ƙarar kiɗa a sama, a sauke ta inji da harbi zuwa kusan kashi shida cikin goma, sannan a ɗaga ƙarar talabijin ko sifikar kanta. A San Andreas akwai Radio EQ, wanda ke canza kaurin sautin gwargwadon motar da ka shiga. In kana so kiɗan ya fito iri ɗaya ko'ina, kashe shi.

Wani abin kuma: waƙoƙin shekarun 1960, irin na Mafia III, da yawa an raba su hagu da dama rabuwa mai tsanani, ganga can, jita nan. Mai sa abin kunne ɗaya rabin waƙa yake ji. Haka wanda wayar sifikarsa ɗaya ta tsinke.

Abban Khalifa:
Tsawon waƙa ma matsala ce da ba a cika faɗa ba. Rok na da yana da waƙoƙin minti bakwai, takwas, har tara, kuma daɗinsu a ƙarshe yake, inda mai jita ke sakin hannu. Tuƙi daga wannan aiki zuwa wancan a cikin gari minti biyu ne ko uku. Ka sauka daga mota kafin a zo wurin. K-DST ta ci sa'a da taswirar San Andreas: hanyoyin karkara da hamadar da ke wajen birnin Las Venturas suna da tsawon da waƙa za ta ƙare. Liberty City, birnin GTA IV, cunkoso ne da kwana-kwana, gajerun waƙoƙi masu zafi sun fi zama a can.

Ummi Damagaram:
Malam Sadik, wanda kwafinsa ya rasa waƙoƙi, yaya zai cike giɓin ba tare da ya taɓa fayilolin gem ba?

Sadik Mai Gyara:
A kwamfuta abin da sauƙi yake, Hajiya. A GTA V shiga Documents, Rockstar Games, GTA V, User Music, ki zuba MP3 ɗinki a ciki. Ba dole a kwafe su ba, gajeriyar hanya zuwa inda suke ma tana aiki. Sai ki shiga saitin sauti ki yi cikakken bincike, tashar Self Radio za ta bayyana. In ba ta fito ba, a rufe gem a sake buɗewa. Tana da yanayi uku: a jere, a gauraye, ko na rediyo. Na rediyon ne ke cusa talla da surutun masu gabatarwa tsakanin waƙoƙi, shi ya fi kama da tasha. A GTA IV sunanta Independence FM. A San Andreas foldar User Tracks ce a cikin GTA San Andreas User Files.

Abin da ke ɓaci: waƙoƙin da aka tattaro daga wurare daban-daban ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wata ta yi raɗa, ta bayanta ta fasa kunne. A wuce da su ta MP3Gain tukuna, manhajar da ke daidaita ƙarfin sauti. Tana zuwa a saite kan 89 dB, ma'aunin ƙarfin sauti, wanda ya yi ƙasa idan inji na ruri. 92 ya fi, amma a duba kada ya nuna alamar sautin zai tsage. A kuma yanke shirun da ke farko da ƙarshen kowace waƙa da manhajar Audacity, in ba haka ba za a riƙa jin rami na daƙiƙa huɗu ko biyar kafin talla ta shigo.

Bash Kontrola:
Masu watsa wasansu kai tsaye a YouTube ko Twitch su kula: lasisin da kamfanin gem ya biya bai rufe ku ba. Waƙa ɗaya daga waɗannan tashoshin ta isa a toshe sautin bidiyo ko a karɓe kuɗin tallarsa. A kashe rediyon mota kafin a fara naɗi, ko a koma tashar hira irin WCTR a San Andreas.