Wai jeren kwalla ƙauyanci ne?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya raina a ɓace yake. Na fito da kwallayen marigayiya Hajiyarmu zan sa wa 'yata a kayan ɗaki, ta kalle su ta ce wai ƙauyanci ne, ita kuloli da tangaran take so. A Kasuwar Kurmi aka saye su, da fam da sule, tun naira ba ta zo ba, ita kuwa sai 1973 ta zo. Har gobe ina ganin ɗakin Hajiya: jere tun daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi, babbar kwalla a ƙasa, ƙananan a sama. Jajibirin sallah mu sauke su, mu goge da tsumma ɗaya bayan ɗaya, wadda ta bari fenti ya ɓantare ta shiga uku. Yaran yanzu sun raina gargajiya.

Malam na Fagge: Allah ya jiƙan Hajiya. Amma Yaya, kwalla ba gargajiya ba ce. Kayan kamfani ne, daga waje aka fara kawo su kafin a soma ƙera su a nan. Gargajiya ita ce ƙwarya da akushi da ludayin duma. Su ma kakanninmu an ce musu sun bi zamani ranar da suka ajiye ƙwarya.

Goggon Yara: Kai Malam, abin da aka aurar da uwa da shi, aka aurar da 'ya, idan ba gargajiya ba ne mene ne?

Malam na Fagge: Yayi ne, Goggo. Yayin tasa ya wuce, na langa da kwalla ya wuce, samira ma ta zo ta tafi.

Anti Bariki: To mai gargajiya, shaddar Getzner da kake tsukewa da ita ranar Juma'a a Kura aka saƙa ta? Daga Ostiriya take. Idan da gaske kake, ka sa saƙi da turkuɗi.

Malam na Fagge: Ɗinkin dai namu ne, Anti. Aska takwas ba Bature ya zana ta ba.

Ɗan Yerwa: Ɗinki naku, hula tamu. Zanna Bukar ta Borno ce, lafayar da matanku ke yafawa yanzu ma ta wajenmu ta biyo.

Anti Bariki: Lafaya ta Sudan ce, malam, ku ma aro kuka yi.

Ɗan Yerwa: Kawo hujja.

Anti Bariki: Kakata ta zauna a Sudan a hanyar Makka, ita ta faɗa min.

'Yar Maraɗi: Ku Kanawa komai sai ku ce daga Kurmi ya fito. A wajenmu har yanzu akwai gidajen da ake jere, ba wanda ya ce ƙauyanci.

Maman Hanifa: Ni dai shawara na nema a kan yarinyar nan.

Goggon Yara: A matsayina ta babba, na rufe. An yarda kwalla gargajiya ce, Malam kaɗai ya ƙi, shi ma ya kasa kare shaddarsa. Maganar hula da lafaya ba ta shafe mu ba. Maman Hanifa, ki sa mata kwalla uku a saman kabet, ko ta so ko ta ƙi.

Malam na Fagge: Goggo, wa ya yarda? Ke da Anti ne kawai.