Giɓin kasafin kuɗi: a ƙara haraji, a rage kashewa, ko a yi ajiya?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum. Ina da shagon yadi a kasuwar Dole ta Damagaram, kuma duk shekara ina biyan patanti, ban da tikitin kasuwa da kuɗin duwan na kowace dila da na ɗauko daga Kano. Tun watan Oktoba na 2023, lokacin da aka rage kasafin ƙasarmu Nijar daga miliyar 3291 zuwa miliyar 1981 na sefa sakamakon takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da tsayawar tallafin ƙasashen waje, nake jin maganar giɓi a rediyo, kuma duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi, domin na san a ƙarshe wurinmu za a zo. Ina roƙon masana su fayyace mini: idan abin da gwamnati take kashewa ya zarce abin da yake shigo mata, wace hanya ce za ta cike giɓin ba tare da an karya ƙaramin ɗan kasuwa ba?

Tsohon ma'aikacin baitulmali:

Wa alaikumus salam, ɗana. Fargabarka tana kan hanya, domin mai tara haraji yakan fara da wanda yake gani, kuma wanda yake gani shi ne mai shago mai lamba da ma'aikacin da ake cire wa haraji tun kafin albashi ya shiga hannunsa. Ƙa'idojin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun nemi kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara, harajin da ake tarawa ya kai kashi 20 na wannan arzikin, albashi kuma kada ya cinye fiye da kashi 35 na harajin. Nijar ta daɗe tana nesa da kashi 20 ɗin nan, alhali TVA ɗinmu, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, kashi 19 ne, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa masu biyan ne suka yi kaɗan. Noma da kiwo da yawancin ciniki suna gudana ba takarda, sannan akwai manyan kamfanoni da masu kwangila da aka yafe wa haraji da sunan jawo jari, kuma a ganina nan ne ya kamata a fara dubawa, a bi takardun yafewar ɗaya bayan ɗaya, a soke waɗanda ba su haifar da aiki ko masana'anta ba. A gari kamar Damagaram, ƙara kuɗin duwan yana iya rage abin da yake shiga baitulmali, domin iyaka ta Magarya da Matamaye ba ta da ƙofa ɗaya, kuma kayan da aka tsauwala wa kuɗi daji suke bi da dare.

Malama daga Mirya:

Baba, na gamsu da bayaninka a kan haraji, amma ina so a yi hattara da maganar rage kashewa, domin mu a makaranta mun san inda wuƙar take sauka. Bana ajina na zana ne, yara suna zaune a kan buhunan da suka zo da su daga gida, kuma da hadarin farko ya taso karatu ya ƙare. Na sha sayen alli da kuɗina. Abokan aikina ƴan kwantaragi kuwa, idan kuɗinsu ya yi jinkiri, sai mai shagon unguwa ya rufe musu littafin bashi. Idan za a sa wa kashewa iyaka, to a rubuta ta a doka, a fara da motocin ofis da takardun mai da kuɗin tafiye-tafiye da tarurruka a otal, a kuma keɓe makaranta da asibiti da ruwan sha yadda ba za a taɓa su ba. Ragin da aka yi wa kowace ma'aikata daidai wa daida yana kama da adalci a takarda, amma wanda ba shi da rara shi ne yake kwana da yunwa.

Ɗalibin ilimin tattalin arziki:

Iyayena, ku ba ni dama in taɓo ajiya, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Matatar mai ta SORAZ tana aiki a nan kusa da mu tun 2011, kuma a 2024 aka fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututun da ya bi ta Benin. A watan Afrilu na shekarar, gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 na Amurka daga kamfanin mai na ƙasar Sin, CNPC, za a biya da mai a cikin shekara ɗaya da ruwa kashi 7 cikin ɗari. Wannan cin amfanin gona ne tun yana tsaye, kuma rashin rumbun tsimi ne ya jawo shi. Maƙwabta sun gwada ajiyar: Chadi ta ware kashi 10 na kuɗin mai don ƴan baya, sannan ta soke asusun a ƙarshen 2005, Najeriya kuma ta buɗe asusun rarar mai a 2004, ya tara biliyoyin daloli, daga baya aka yashe shi kusan ƙaf. Duka biyun sun nuna cewa buɗe asusu abu ne mai sauƙi, abin da yake da wuya shi ne dokar da za ta fayyace lokacin da ya halatta a ɗiba, kamar shekarar fari ko faɗuwar farashin mai, tare da sanar da jama'a abin da ya rage a ciki.

Ɗan Zango:

Na gode, Allah ya ƙara sani. Baba, saura tambaya ɗaya: takardun yafe harajin nan da ka ambata, akwai inda ɗan ƙasa kamar ni zai je ya ga sunayen waɗanda aka yafe wa da adadin kuɗin? Idan akwai, zan kai maganar taron ƙungiyarmu ta ƴan yadi ranar Alhamis.