Manhajar CMM ta ce ramin ya yi daidai, amma geji ya ƙi shiga

Musa, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu aikin awo. Ina aiki a ɗakin duba kaya na wata ƙaramar masana'anta kusa da Suame Magazine, inda muke sassaƙa sassan injuna. Bara ne maigidanmu ya sayo na'urar awo ta CMM wadda aka riga aka yi amfani da ita, irin mai gada a kan teburin dutse, mai tsinken da ke taɓa ƙarfe ɗigo ɗaya bayan ɗaya, kuma ni aka danƙa wa ita saboda na ɗan iya kwamfuta.

Makonni biyu ke nan muna fama da wani aiki. An ba mu kwangilar gidan boris na alminiyom, wanda boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa sandar inji juyawa cikin sauƙi) mai lamba 6206 zai zauna a cikinsa, kuma zanen ya ce faɗin ramin 62 H7, wato bai kamata ya gaza milimita 62.000 ba, bai kuma kamata ya wuce 62.030 ba. Idan na auna, manhajar tana ba ni 62.012, ta kuma nuna cewa karkacewar ramin daga cikakkiyar da'ira ba ta wuce maikiron 1 ko 2 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), rahoton ya fito kore shar. Amma da kayan suka isa wurin mai su, sai ya zura gejinsa na toshe, wato sandar gwaji mai kai biyu da ake sa wa a rami don a ga ko faɗinsa ya yi daidai, ɓangaren da ya kamata ya shige cikin sauƙi ya cije a bakin ramin, ya dawo mana da guda 30 cikin 80. Na sake aunawa da maikiromitar ciki mai baki biyu, ita ma ta ba ni abin da ke kusa da na manhajar.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka ƙara ɗaure mini kai. Sashe ɗaya tak, wanda ban ɗaga daga teburin ba, da safe ya ba ni 62.012, bayan la'asar ya ba ni 62.017. Sannan idan na juya shi a kan teburin na sake saita shi, tsakiyar ramin kan gusa da 'yan maikiron idan aka kwatanta da da'irar waje. Ɗigo huɗu nake taɓawa a cikin ramin, kamar yadda wanda ya haɗa mana na'urar ya bar shirin. Maigida yana ganin manhajar ce ta lalace, yana so a goge ta a sake sa ta, ni kuwa ina tsoron mu rasa fayil ɗin gyaran kuskuren na'urar. Ina roƙon ku ku nuna mini inda zan fara dubawa.

Malam Sani, Nima, Accra

Wa alaikumus salam, ƙanena Musa. Kafin komai, ka roƙi maigidanka ya dakata da maganar gogewa, ka kuma kwafe fayil ɗin nan da ka ambata ka adana shi a wuri biyu, domin na wannan na'urar ne ita kaɗai, kuma idan ya ɓace sai an kira masu daidaita na'ura sun sake auna ta daga farko. Na daɗe ina wannan aiki a Tema, kuma bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar lalacewar manhaja ba. Ina kyautata zaton ramin naku yana da ƙusumbi uku.

Ka je wurin mai injin sassaƙa ka ga yadda yake riƙe sashen. Idan cak ɗinsa, wato abin da ke riƙe ƙarfe a injin, mai haƙora uku ne, kuma yana ɗaure shi tamau, to bangon alminiyom mai sirantaka yana lotsawa a wurare ukun da haƙoran suka danna. Wuƙa tana yanka cikakkiyar da'ira yayin da ƙarfen yake matse, amma da zarar an kwance cak ɗin ƙarfen ya koma yadda yake, ramin ya zama kamar alwatika mai sulɓin kusurwa, wanda ido ba zai taɓa gani ba. Irin wannan siffa tana da wata ɗabi'a: duk inda ramin ya shigo ciki, wurin da ke fuskantarsa ya fita waje daidai gwargwado, saboda haka awon baki biyu yana ba da faɗi ɗaya ta kowace fuska. Shi ya sa maikiromitarka ta goyi bayan manhajar.

Ɗigo huɗun da kake taɓawa su ma bibbiyu ne masu fuskantar juna, don haka tarko ɗaya suka faɗa. Abin da ya fi haka ma, idan aka ɗauki ɗigo huɗu a tazara daidai a kan siffa mai ƙusumbi uku, lissafi yana iya zana da'ira mai kyau da za ta bi ta kansu duka, sai dai tsakiyarta ta gusa gefe. Wannan ne dalilin da rahotonka yake nuna karkacewa kaɗan, kuma shi ne dalilin da tsakiyar ramin take yawo idan ka juya sashen. Ɗigo uku sun fi muni, domin suna iya sauka duka a kan tudu ko duka a cikin kwari, ɗigo shida kuma suna iya sauka a inda ba za su ga komai ba. Ka fara da bakwai aƙalla. Ni a irin wannan rami nakan ɗauki 13 ko fiye a kowane zagaye, a zurfi uku, in auna shi a matsayin silinda.

Bayan ka tara ɗigon, sai ka duba hanyar lissafin da aka zaɓa. Yawancin manhajoji, ko PC-DMIS ne ko Calypso ko MCOSMOS, suna ba ka zaɓi, kuma abin da aka saba samu a kunne shi ne hanyar Gauss, wadda ke fitar da matsakaiciyar da'ira da ta ratsa tsakanin tudu da kwari. Geji kuwa bai san matsakaici ba, tudun da suka shigo ciki kawai yake gamuwa da su. Abin da ya yi daidai da geji shi ne da'ira mafi girma da za ta iya zama a cikin ramin, wadda ƙa'idar ISO 14405-1 take yi wa alama da GX, ta Gauss kuma GG. Ka lissafa da kanka: idan matsakaicin faɗi 62.012 ne, tazarar da ke tsakanin tudu da kwari kuma ta kai maikiron 15, to da'irar da za ta shige ba ta wuce 61.997 ba. Sai dai ka goge ramin sosai kafin ka yi amfani da wannan hanya, domin a kan ɗigon da suka fi shigowa take dogara, kuma ƙwayar ƙura ɗaya tana iya rage maka faɗin.

Abu na ƙarshe, ka ɗauko zanen ka duba ƙa'idar da aka rubuta a gindinsa. Idan ASME Y14.5 ta Amurka ce, ƙa'idarta ta farko ta riga ta wajabta cewa sai cikakkiyar siffa ta iya shiga, gejin mai kaya yana da gaskiya ke nan. Idan kuma ISO 8015 ce, girma daban siffa daban, kuma awon baki biyu ne abin da ake nufi, sai fa idan an sa harafin E a cikin da'ira bayan lambar. Ko da takarda tana tare da ku, boris ba zai zauna lafiya a ramin da yake matse shi ta wurare uku ba, don haka ku zauna da mai kayan ku daidaita a rubuce kan hanyar da za a riƙa yanke hukunci.

Malama Rakiya, Asawase, Kumasi

Malam Sani ya yi bayanin maganar geji, amma bambancin safe da la'asar ba daga ƙusumbi yake ba, tun da sashen bai motsa ba. Musa, duk wani awon tsawo da ke kan zane ana nufinsa ne a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, abin da aka amince da shi a duniya tun 1931, kuma shi ne ƙa'idar ISO 1 ta ƙunsa. A Kumasi kuwa ɗaki ba ya zama a 20 da kansa. Alminiyom yana buɗewa da kimanin maikiron 23 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ƙarfen sitil kuma kimanin 11.5, wato rabin haka. A rami mai milimita 62, ƙarin digiri 7 yana buɗe alminiyom da kusan maikiron 10, sulusin duk sararin da zanen ya ba ku. Idan an gaya wa manhajar cewa sashen sitil ne, rabin wannan kawai za ta cire, ta bar maka maikiron 5, kuma shi ne daidai bambancin da ka gani. Ka buɗe shafin gyaran zafi a farkon shirin ka duba lambar da aka sa, ka kuma tabbata na'urar jin zafin tana manne da jikin sashen. Ta maganaɗisu ba ta kama alminiyom, kuma na sha ganin an bar ta a kwance kan dutsen tebur tana auna zafin da ba na sashen ba. Kayan da aka kawo daga wurin inji kuma a bar su su huce a ɗakin na wasu sa'o'i kafin a taɓa su.

Alhaji Garba, Ashaiman

Ina da ɗan ja a kan saurin ɗora wa cak laifi, duk da cewa Malam Sani ya fi ni sanin aikin. Tsinken taɓawa irin wanda David McMurtry ya ƙirƙira a 1972, lokacin da yake aiki a Rolls-Royce, a kan madogara uku yake zaune a ciki, saboda haka ƙarfin da yake bukata kafin ya ba da sigina yana bambanta gwargwadon fuskar da aka tura shi. Wannan kansa yana haifar da kuskure mai ƙusumbi uku, kuma yana ƙaruwa idan sandar tsinken doguwa ce ko siririya. Idan Musa ya ƙara ɗigo ya ga alwatika a allo, dole ne ya san ta wace ce. Gwajin mai sauƙi ne: ya yi wa sashen alama, ya auna, ya juya shi da digiri 60, ya sake aunawa. Idan ƙusumbin ya bi alamar, na sashen ne. Idan ya tsaya inda yake, na tsinken ne. Ya kuma auna gejin zobe, wato zoben gwaji da aka san ainihin faɗinsa, da tsinken nan da shirin nan. Kafin haka ya goge ƙwallon yaƙutun da ke bakin tsinken da ƙwallon daidaitawa da ake gwada tsinken a kansa, ya tabbata sandar ba ta yi sako-sako ba kuma faɗin ƙwallon daidaitawar da ke cikin manhaja shi ne na takardar shaidarsa, sannan ya sake daidaita tsinken. Duk lokacin da wuta ta ɗauke aka sake kunna na'urar, ya mayar da ita gida, wato mafarin da take ƙirga awo daga gare shi, ya sake gwada ƙwallon kafin ya ci gaba da aiki.

Musa, Aboabo, Kumasi

Allah ya saka muku da alheri, Malam Sani, Malama Rakiya da Alhaji Garba. Na bi maganarku ɗaya bayan ɗaya cikin kwana uku. Na fara da kwafe fayil ɗin, sannan na buɗe shafin zafi na tarar da 11.5 a rubuce, domin daga wani tsohon shirin sandar sitil aka kwafo wannan, na'urar jin zafin kuma tana rataye a jikin gadar. Na mayar da lambar 23, na manna na'urar da tef a jikin sashen, na ajiye ma'aunin zafi a ɗakin, sai na ga yana tashi daga 22 da safe zuwa 29 da yamma saboda ana kashe na'urar sanyaya ɗaki duk lokacin da aka koma janareta. Yanzu safe da yamma ba sa bambanta da fiye da maikiron 1.

Na sake daidaita tsinken, na auna gejin zobe mai milimita 50, karkacewarsa ta fito maikiron 2. Daga nan na auna ɗaya daga cikin sassan da aka dawo da su da ɗigo 13 a zurfi uku, alwatikar ta fito ɓaro-ɓaro a allo, tazarar tudu da kwari maikiron 16. Hanyar Gauss ta ba ni 62.011, da'irar ciki kuma 61.995. Na juya sashen kamar yadda Alhaji ya ce, ƙusumbin ya bi alamar, kuma da na ɗaga shi a haske na ga sawun haƙoran cak guda uku a bayansa, kowanne daidai da inda ramin ya fi fita waje. Mai injin ya yarda zai sassauta ɗaurin kafin yankan ƙarshe, zai kuma sa haƙora masu laushi da aka ƙwaƙule daidai da faɗin sashen. Maigida ya janye maganar gogewa.

Na duba zanen, ISO 8015 aka rubuta, babu harafin E, kuma babu iyakar karkacewa daga da'ira. Gobe za mu je wurin mai kayan da rahotannin biyu. Malam Sani, idan ya nemi shawararmu, wanne ya fi dacewa da gidan boris irin wannan, a ƙara harafin E kawai, ko a sa iyakar siffar silinda daban tare da shi?