Wai rukunin jini sukari ne?

Autan Hajiya: Jama'a ku raba ni da Yayata. Na ce mata abin da ya bambanta jinin A da B da O sukari ne, ta yi mini dariya a gaban baƙi, wai boko ya taɓa ni. Alhali a jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai 'yan sarƙoƙin sukari. Mai B an liƙa wa tasa wani nau'in sukari mai suna galaktos a ƙarshe, mai A an liƙa masa wani ɗan'uwan galaktos, mai O ba a ƙara masa komai ba. Ina ƙaryata a nan?

Maman Biyu: Innalillahi! Ni B ce, kuma ina fama da ciwon suga. Ashe jinina ne ya ja mini?

Autan Hajiya: A'a Anti, naki gulukos ne da ke yawo cikin jini. Wannan a manne yake, da shi aka haife ki.

Baban Gida: To kada ka ce sukari. Sukari shi ne wanda ake zubawa a shayi. Ka taɓa lasar jini ka ji zaƙi?

Ɗan ABU: Ranka ya daɗe, ba kowane ne ke da zaƙi ba. Sitacin tuwo da zaren ciyawa duk gulukos ne a jere, ɗaurin ne ya bambanta. Cikinmu na warware na tuwo, saniya kuwa ƙananan halittun tumbinta ke warware mata na ciyawa.

Baban Gida: Yanzu da shanu kake haɗa mu?

Jauro: Me shanu suka yi? A bar su a gefe, sun fi wasu hankali.

Maman Biyu: Ni dai ku faɗa mini, in daina tuwo ko kuwa?

Amarya: Shi ya sa ake gwaji kafin aure, kada mai sukarin A ya auri mai S.

Ɗan ABU: Hajiya kin haɗa biyu. AS da SS maganar furotin ɗin da ke ɗaukar iska ce a cikin ƙwayar jini. Landsteiner da ya gano rukunan jini a birnin Vienna a 1901 ma bai san cewa sukari ne ya bambanta su ba, sai bayan 1950 masu bincike Morgan da Watkins suka nuna haka a Landan.

Ɗan BUK: Su Zazzagawa an samu wuri. Daga waya ka kwafo. Ka bar ma babba: binciken 2007 a kan yaran Mali ya nuna masu O ba su cika faɗawa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ba, don ƙwayoyin jininsu ba sa saurin dunƙulewa.

Jauro: Ƙarya ne. Ni O ne, duk damina sai na kwanta.

Ɗan BUK: Mai tsanani na ce, Malam.

Ɗan ABU: Kai fa daga ina ka kwafo, Kantin Kwari?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, babu wanda ya kawo hujjar jini na da zaƙi, don haka Baban Gida ya fi kusa da gaskiya. 'Yan jami'a biyu sun kasa haɗa kai, balle su gamsar da mu manya. Auta, je ka ba Yayarka haƙuri. Maman Biyu, batun tuwo ki tambayi likitanki. An rufe.