Lambobin bayan ɗigo: wace kalma za ta ɗauki ma'anar precision?

Salamu alaikum malaman lissafi da masu rubuta manhaja. Kwana uku ke nan ina rubuta bayani da Hausa a kan ɗan shirin kwamfuta da ke karɓar lamba ya mayar da ita kalmomin Turanci, irin rubutun da ake gani a jikin caki. Ka ba shi 2.75, ya rubuto maka two point seven five. Ɗigo bai ba ni wahala ba, tunda kullum muna jin "biyu da ɗigo biyar" a labarai. Desimal ma ta riga ta zauna a bakin ɗalibai. Inda na cije shi ne kalmar precision, wato yawan alƙaluman da lamba ke ɗauke da su, shi ya sa na tambaye ku wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki ma'anarta.

Mutum huɗu cikin waɗanda suka fara amsa mini sun ce "daidaito". Na gode ƙwarai, amma ku ji abin da ya same ni kafin mu amince da ita.

Ranar da na fara gwada shirin a Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, na miƙa masa 0.1 a matsayin lamba mai ɗigo ta yau da kullum da ake kira fulot, sannan na sa ya juya ta zuwa desimal ba tare da yanke komai ba. Ina jiran kalma uku, sai ga layi ya cika allo ya gangaro na ƙasa: zero point one, sai zero har sau goma sha shida, sai five five five one one, haka dai har kalma 55 bayan ɗigo. Na ɗauka ni na yi kuskure, na share na sake, abin bai sauya ba. Dalilin shi ne kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsarin ɗaya bisa goma ba ta da ƙarshe, kamar yadda sulusi yake zama 0.333 ba iyaka a namu lissafin. Ƙa'idar adana fulot ta IEEE 754 ta 1985 ta ba alƙaluman lamba bit 53 (bit shi ne gurbin sifiri ko ɗaya) a tsarinta mai bit 64, abin da ke riƙe alƙaluma 15 zuwa 17 kawai. Saboda haka abin da na'ura ta adana makusanciyar 0.1 ce, ba ita kanta ba. Shi ya sa 0.1 a tara da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004.

To ga lamba mai alƙaluma 55, ta kai maƙura wajen abin da muke nema wa suna, amma ba ita na rubuta ba. Idan muka ce daidaito, ɗalibi zai karanta "lamba mai tsananin daidaito" ya saki jiki, alhali ta kauce. Daidaito a bar wa kusancin lamba da gaskiya, can ne gidanta.

An kawo "tsanaki", amma wannan halin mutum ne. An kawo "dalla-dalla", tana da daɗi, sai dai ba ka iya cewa dalla-dallarta ashirin da takwas.

Wadda ta kwanta mini a rai ita ce ta wata malama mai koyar da lissafi: zurfi. Malama, Allah ya ƙara basira. Rijiya kan yi gaba ashirin ruwanta kuma ya fito da zartsi. Zurfi abu ne da ake aunawa, bai yi wa kowa alkawarin ruwan daɗi ba. Ku gwada ta a jimla ku ji. Jamshid al-Kashi, masanin da ya yi aiki a Samarkand, ya lissafa alaƙar kewayen da'ira da faɗinta a 1424 har zurfin gurbi 16. Desimal ɗin Python na farawa da zurfi 28, kana iya ƙarawa yadda kake so. Ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

Wani ɗan uwa mai aiki da harshen manhaja na Java ya ja hankalina, kuma yana da gaskiya. Ya ce: "Malam, a BigDecimal, wato desimal ɗin Java, abu biyu ne, kada ka cakuɗa su. A 123.450 duka alƙaluman shida ne, na bayan ɗigo uku, kowanne da sunansa." Madalla da wannan gyara. Sai mu raba: shidan nan zurfin lamba, ukun nan zurfin ɗigo.

Wannan rabon yana da amfani sosai ga aikin da nake bayani a kai. A wurin fulot 2.5 da 2.50 abu ɗaya ne, sifirin ƙarshe ya ɓace tun kafin shirin ya gan shi. A rubutun Turanci kuwa ta farko two and five tenths ce, ta biyu two and fifty hundredths, kuma mai awo a ɗakin gwaji ya san ta biyun tana shaida cewa an auna har gurbi na biyu. Gefen hagu na ɗigo ma ba a tsira ba: rubuta 9007199254740993 a harshen manhaja na JavaScript, za ta dawo maka da 2 a ƙarshe, kalmar three ta koma two a takardar da wani zai sa wa hannu. Maganin shi ne a karɓi lambar a matsayin rubutu, a raba ta a kan ɗigo, a bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda na sa a bayanin yanzu: "Shirin yana karɓar desimal mai zurfi, yana kiyaye zurfin ɗigonta, ba ya jefar da sifirin ƙarshe."

Saura sunan aikin kansa. Tunda muna cewa Hausanta, na yi tunanin "kalmanta lamba", amma ina tsoron a rubuce wasu za su karanta ta kamar "kalmarta". Malama, ke da kika ba mu zurfi, ya kika ji ta a kunnenki?