Gwaji na nuna intanet ɗina yana da sauri, amma bidiyo yana tsayawa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harkar intanet game da wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk lokacin da na auna saurin layina da Speedtest ko Fast.com, sakamakon yakan haura megabit 40 a sakan ɗaya, alhali Netflix ya ce megabit 15 ya isa a kalli bidiyon 4K, shi kuwa 1080p megabit 5 kawai yake buƙata. Duk da haka, da zarar dare ya yi sai hoton ya dushe a talabijin, wani lokaci ma ya tsaya cik yana lodi.

Na kashe rauta (na'urar da ke rarraba Wi-Fi) na sake kunnawa, na kuma bar Wi-Fi na 2.4 GHz na koma na 5 GHz, amma babu canjin a zo a gani. A waya nake yin gwajin, kusa da rautar, talabijin ɗin kuma yana wani ɗaki da bango a tsakani.

Ta yaya zan bambance ko cunkoson dare ne daga ɓangaren kamfanin da ke ba ni intanet, ko kuwa siginar ce ba ta isa talabijin ɗin da ƙarfi? Kuma shin adadin ping (lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo) yana da tasiri ga irin wannan kallon? Na gode.